Taken Mahamadu na Bande

Ni fa ban taɓa cewa ni mai wayo ce ba. Man gyaɗa nake sayarwa a Magaria, da ƙuli-ƙuli, lekol ma, wato makarantar boko, a aji biyar na tsaya. Amma abin da ya faru da muryar ubana, ko gaban wa zan faɗe shi: an zalunce mu, kuma ni ma da yatsana na taimaka. Sunana Nazifa. Ubana shi ne Gajere mai gangar noma na Kwaya. In kai ɗan yankin nan ne kuma ba ka san sunan ba, to tambayi babanka, shi ya sani.

A zamaninsa ba a gayya daga Kwaya har Bande har Mallawa ba a aiko masa da goro ba. Yana bin bayan manoma da ganga a kafaɗa, yana kiɗa yana waƙa, kowane barden noma da takensa. Take kuwa ba abin wasa ba ne. In makaɗi ya yi wa mutum take, ya zama na mutumin, har ya mutu, har bayan ya mutu. Makaɗin da ya ƙirƙira shi da kansa ba ya kaɗa shi ga wani, ba ya ma kaɗa shi a taron da mai shi bai sani ba, sai ya nemi izini. Da wannan aka rene mu. Baba ya taɓa ƙin cin tuwon wani gida shekara guda saboda makaɗin gidan ya kaɗa taken wani ga wani.

Ina da shafi a intanet, don sayar da mai na buɗe shi, wallahi. Ina ɗaukar hoton kwalabe ina sawa, matan fonksiyonar, wato ma'aikatan gwamnati, suna kira. Wata Juma'a na je Kwaya gaishe da Baba, na tarar yana ɗaure ganga a gindin bedi, wato dogon yaro, sai na ce bari in kunna dirak, wato kai tsaye, mutane su gan shi. Ya ce, "Ke da wa kike magana a cikin wannan abin?" Na ce da 'yan garinmu da ke Libiya. Ya yi dariya, ya ɗauki makaɗi, ya fara.

Kai! Ranar na ga abin mamaki. Mutanenmu da ke Sabha, da Tamanrasat, da Agadas, da Legas, maza masu gemu, suka cika shafin. Wani ya rubuto yana kan gini yana kuka. Wani ya ce a gaya wa Baba shi jikan wane ne, ko yana tuna taken kakansa. Baba ya ce yana tunawa, kuma tunda jininsa ne ya roƙa, ya halatta. Ya kaɗa masa. Daga nan ya zama kowace Juma'a bayan la'asar sai na hau kabu-kabu na tafi Kwaya. Shekara biyu muna yi. Dirak ya haura sittin, kowane da waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka ba, da labarin mutanen da aka yi wa su. Duka suna kan shafin. Ko ɗaya ban ajiye a salula ba, don salular tawa hoto goma in na ɗauka sai ta fara kukan ta cika. Na ɗauka abin da ke kan shafi yana nan kamar hatsi a rumbu.

Sai ciwon maƙogwaro ya kama shi. Aka je Magaria, aka je Damagaram, aka yi aiki, ya tashi da ransa amma babu murya. Abin da ya rage masa raɗa ce, sai ka kai kunne bakinsa. Hannun dama ma ya yi sanyi, makaɗi na zamewa daga yatsunsa. Mutumin da ake jin sa daga gona uku, yanzu in yana son ruwa sai ya buga kwano da cokali. Na tsani ƙarar cokalin nan, Allah ya sani.

Mutanen shafi ba su daina tambaya ba. Ina Baba, ya jikin Baba, a nuna mana shi ko bai yi waƙa ba. To akwai kaset ɗaya tal da aka taɓa yi masa yana da ƙarfinsa, tun kafin a haife ni. Wani mai sayar da kaset ne daga hayin iyaka ya zo gayyar Mahamadu na Bande, barden da ba a taɓa wuce shi a kunya ba, ya ɗauki taken Mahamadu daga farko har ƙarshe, gaba da bayan kaset. Ya ba Baba riga, ya tafi. Kaset ɗin ya yawata ƙasar nan, har aka juye shi a kart memuwar, ɗan katin nan na salula. Na ce to, in zaunar da Baba a gindin bedi, in kunna masa muryarsa ta da, mutane su gan shi su ji shi.

Juma'ar farko, minti bai fi uku ba mutane suka fara rubutowa: ba ma ji, ba ma ji, Nazifa sautin ya ɗauke. Ni kuwa ga rediyo na ta ƙara a gabana. Na zaci rezo ne, wato sabis ɗin waya, na zagi rezo har na gaji. Wani saƙo ya shigo da Faransanci mai tsawo, na share shi ban karanta ba. Juma'a ta biyu na sake. Wannan karon dirak ɗin gaba ɗaya aka yanke, allon ya yi baƙi, wani saƙon ya sake shigowa da jan rubutu.

Na kai wa Muttaƙa. Muttaƙa ɗan kawuna ne, taubashina, yana da shagon gyaran salula kusa da tasha, kuma tun muna yara bai taɓa ganina bai tsokane ni ba.

"Baiwata ta zo," in ji shi. "Me kika fasa yau?"

"Bawa dai. Karanta mini wannan, ka bar surutu."

Ya karanta. Sai na ga ya daina dariya, abin da ban saba gani ba. Ya ce kamfanin da ke da shafin yana cewa na sa kiɗan wani ba da izininsa ba. Gargaɗi biyu ke nan. Na uku, za a rufe shafin, da duk abin da ke cikinsa.

"Kiɗan wa? Ubana ne fa yake waƙa! Ga shi zaune a cikin hoton!"

"Na'ura ce, Nazifa. Ba ta ganin mutum. Sauti take ji, ta gwada da abin da aka rubuta mata."

Ya yi 'yan danne-danne, ya juyo mini salularsa. Sai ga muryar Baba, ita ce, har tarin da ya yi a tsakiya, amma an ɗora mata wani kiɗan piyano a ƙasa kamar na gidan biki. Hoton wani mutum ne da malafa wanda ban taɓa gani ba. Babu sunan Gajere ko'ina, babu Kwaya. Wani kamfani ne a wata ƙasa ya sayi tsofaffin kaset da yawa wurin wanda ya gaji shagon mai kaset ɗin can, ya rubuta su da sunansa. A wurin na'ura, su ne masu waƙar. Duk wanda ya sa ta a dirak sai da takardarsu.

Na zauna a kan bencinsa. Na ce to mu kai ƙara. Ya ce akwai inda ake rubuta ƙorafi, amma za su nemi shaidar cewa Baba ne mai ita, a rubuce, kuma abin na ɗaukar watanni.

"Ki saurare ni da kyau," in ji shi. "Kar ki sake kunna kaset ɗin nan a dirak. Ko da wasa. Ki kawo mini babban kart ran kasuwa mai zuwa, in zauna in sauke miki bidiyon Baba duka. Kwana biyu zai ci, da wannan rezon namu. In mun sauke, sai ki yi duk haukar da kike so."

Na ce to. Da niyyata na ce to.

Kuskurena na farko shi ne da na gaya wa Baba. Na je Kwaya washegari raina a ɓace, na durƙusa gabansa na ce, Baba, wai masu salula sun ce taken nan ba naka ba ne, na wani ne, wai mun sa ba mu nemi izini ba. Ina jira ya fusata. Sai na ga ya sunkuyar da kai. Ya yafito ni, na kai kunne.

"Sun yi gaskiya," ya raɗa. "Na Mahamadu ne."

"Baba, ba haka suke nufi ba."

"Na Mahamadu ne. Ya rasu, 'ya'yansa na nan. Mun kaɗa a gaban duniya ba mu gaya musu ba." Ya huta, ya haɗiye da ƙyar. "Na tsufa na yi abin kunya. Har baƙi sun gane."

Na yi bayani, na sake yi. Na ce kamfani, na ce na'ura, na ce mutumin malafa. Yana kallona kamar yadda yake kallona in na ƙona miya ina yarinya. A wurinsa maganar a fili take: an ce take na da mai shi, kuma take na da mai shi. Har wani daɗi ya ji, wai ashe masu salula sun san ladabi. Ya ce in sayo goro, gobe mu tafi Bande wurin Sadisu, babban ɗan Mahamadu da ke gida.

Na lissafa a raina, ran kasuwa saura kwana huɗu. Zuwa neman izini ba kunna kaset ba ne. In zuwan zai sauke masa nauyin da ke ransa, me zai rage ni? Na sayo goro fari mai kyau, na ɗaure a ganye. Muka hau kabu-kabu biyu, shi a na gaba an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi don kar ya faɗi.

Mun isa Bande da hantsi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, gero ya kai gwiwa, gari duk ana noman farko. Sadisu na gona, aka kira shi. Mutum ne dogo mai sanyin magana, ya kai hamsin. Da ya ga Baba sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko, ni zan zo."

Baba ya tura masa goron, ya yafito ni in faɗi. Ni ce bakinsa yanzu. Na ce mun zo neman gafara, mun sa taken mahaifinku sau biyu a salula ba mu sanar da ku ba, kuma muna neman izini. Ina faɗa ina jin kunyar kaina, don na san maganar ba inda za ta.

Na ɗago na dubi Sadisu. Sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya ce shekara goma sha ɗaya da rasuwar tsohonsu, ba wanda ya sake tuna cewa yana da take, sai yau. Ya ce wannan ba maganar da za a yi a zaure mutum uku ba ce. Ya aika aka kira liman, aka kira mai gari, aka kira tsofaffin da suka yi noma da Mahamadu. Kafin azahar ƙofar gidan ta cika. Aka raba goron. Mushe, malamin lekol ɗin garin, ya rubuta takarda da Faransanci cewa iyalan Mahamadu sun ba Gajere da 'yarsa izini, Sadisu ya dangwala yatsa, mai gari ya buga tampo, wato hatimi. Liman ya yi addu'a. Baba na zaune a tsakiya an ba shi buzu, fuskarsa ta yi haske irin wanda ban gani ba tun kafin asibiti.

Ni ina cewa a raina alhamdu lillahi, an gama, mu tafi gida.

Sai Sadisu ya juyo ya ce, "To ƙanwata, kunna. Ƙannena biyu na Libiya, na kira su, suna jira a shafin naki. Su ji taken ubansu daga ƙofar gidansu, su ga wanda ya yi shi."

Wayyo Allah.

Na ce, "Yaya Sadisu, da dai mun bari sai wani satin."

Wani tsoho ya ce, "A'a, 'yar nan, an ba ku kuma ki ce sai wani satin?" Ku da ba 'yan nan ba ne ba za ku gane ba. Ka zo da goro ka roƙi abu, a tara gari a ba ka, sannan ka ce ba yanzu ba, ka nuna kyautar ba ta kai ba ke nan. Ka wulaƙanta mai bayarwa a gaban limaminsa. Na ce rezo ba kyau. Mushe ya ɗaga salularsa ya ce ai nan rezo cike yake, eriya na bayan lekol. Allah ya saka masa.

Na matsa kusa da Baba na ce a hankali, "Baba, in na kunna za su rufe. Duk waƙoƙinka na shekara biyu za su tafi."

Ya ɗago takardar da hannunsa mai lafiya, ya nuna mini tampon. Ya raɗa, "An ba mu. Kar ki kunyata ni."

Na sani. Wannan shi ne abin da ke hana ni sukuni har yau. Ba zan ce ban sani ba, Muttaƙa ya gaya mini da Hausa. Ina da hanya goma: in ce caji ya ƙare, in yar da salular a ƙasa, in kunna rediyo kawai in yi kamar ina dirak. Duk sun zo mini daga baya, a kan hanya. A lokacin kuwa ido sittin na kaina, ubana na riƙe da takarda yana murmushi, sai wata zuciyar banza ta ce mini, wa ya sani, ƙila in sun ga tampo su ƙyale. Ni da na ga mutumin malafa da idona, na yarda da wannan.

Na kunna dirak. Na fara nuna takardar, na riƙe ta gaban salula na daɗe, wai don su karanta. Sadisu ya tsaya ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce ya ba da izini duniya da lahira, duk mai ji ya shaida. Mutane suka fara shigowa, ɗari, ɗari biyu. Na danna rediyo.

Ganga ta tashi. Muryar Baba ta saurayi ta fito tana kiran Mahamadu. Tsofaffin nan suka miƙe, wani ya ɗauki hauya ya shiga rawa da ita a ƙofar gida, mata na guɗa daga cikin gida. Leɓen Baba na bin waƙar ba sauti. Ina riƙe da salula, ina ƙirga numfashina. Minti ɗaya. Biyu. Har na fara cewa ko dai.

Sai allon ya yi baƙi, ya fitar da ni waje. Na sa lambar sirri, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Rubutu layi biyu ya fito, wannan kam ko ni na iya karanta shi.

Ba wanda ya lura. Rediyo na ci gaba, ana ta rawa. Na ci gaba da riƙe salular a sama, ina nuna musu baƙin allo kamar ana ɗauka, har kaset ya ƙare. Minti arba'in. Hannuna ya mutu, ban sauke ba. Sadisu ya zo ya yi mini godiya, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya cika mana buhu da wake.

Muttaƙa bai tsokane ni ba da na je. Da ma ya zage ni, da ya fi mini. Ya rubuta ƙorafi, ya ɗauki hoton takardar Bande ya tura, tunda ita kaɗai muke da ita. Bayan sati uku amsa ta zo: takardar ba daga mai haƙƙin waƙar ta fito ba, hukunci ya tabbata. Ya sake rubutawa, ba su ƙara amsawa ba. Na bi mutanen Libiya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda nake da lambarsu, ko wani ya ajiye wani abu. Mutum ɗaya ya turo mini guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin, Baba na gyara zaman hula yana cewa a jira shi ya sha ruwa. Ko waƙa babu a ciki. Shi ke nan abin da ya rage daga shekara biyu. Taken kakannin mutane sama da ɗari, wasu shi kaɗai ya san su a duniya, kuma ba shi da bakin da zai sake faɗa. Waccan mai piyano kuwa tana nan, kowa na iya ji.

Na ɓoye masa wata guda. Ina zuwa Juma'a in ce rezo, in ce caji. Rannan ya riƙe mini hannu ya ƙi saki, sai na faɗa masa. Na ce an rufe, Baba, duka sun tafi, ba za su dawo ba. Na yi kuka a gabansa kamar ƙaramar yarinya, na ce laifina ne.

Ya dubi ƙasa. Na zaci ya gane. Sai ya yafito ni, na kai kunne.

"Ba laifinki ba ne. Nawa ne." Ya haɗiye. "Sadisu ba shi ne babba ba. Akwai Fadi, yayarsu, tana aure a Mallawa. Mun tsallake ta. Shi ya sa suka ƙi."

"Baba..."

"Ki sayo goro. In ta yafe, za su buɗe."

Na buɗe baki in sake yin bayanin kamfani da na'ura, na dubi wuyansa inda aka ɗinke, na rufe bakina. Na tambaye shi fari ko ja. Ya ce fari, kuma in nemo mai kabu-kabu mai tafiya a hankali, don hanyar Mallawa akwai yashi.